Gassala ta ƙi zubar da ruwa: yadda muka ƙare da masu gyara biyu a Jidda

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman matan Jidda da Makka da muke fama da wanki kullum ba hutu. Tun wancan satin nayi alƙawari zan faɗi yadda muka ƙare da injin wankina, gassala dai kamar yadda muke cewa anan, saboda mata da yawa a unguwa sun tambayeni waye ya gyara min kuma nawa ya karɓa, toh gashi zan faɗa dalla dalla, da abinda ya burgeni a aikinsa da wanda bai min daɗi ba, dan bana son in yabi mutum rabi in ɓoye rabi wata taje ta ga saɓanin haka.

Abin ya faru kwana kaɗan bayan ƙaramar sallah. Kowa yasan azumi a ƙasar nan lokacin baƙi ne, mu ma yayan maigidana da matarsa da ɗansu sun zo umara daga Kano suka sauka wajenmu, da zasu wuce Madina sai suka bar min haramai guda huɗu in wanke in ajiye musu. Irin mai kaurin nan ne kamar tawul, sababbi, kuma duk wacce ta taɓa wanke sabon harami tasan yadda yake zubar da burbushin zare. Na haɗa su da wandunan yara na zuba, gassalar tawa mai buɗewa ta gaba ce, kilo 8, shekararta huɗu a hannuna bata taɓa bani ciwon kai ba. Ina kicin naji tayi shiru da wuri, nazo na tarar ruwa ya kai kusan rabin gilashin ƙofar, kumfa a sama, wasu haruffa suna ƙiftawa a fuskarta, daga ƙasa kuma wani gunji kaɗan kaɗan kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Na ja ƙofa taƙi buɗuwa, na kashe na kunna, na murɗa ta zuwa wajen matsa kaya kawai, sai tayi gunjin nan na ɗan lokaci ta sake tsayawa. Haka haraman mutane suka kwana biyu a cikin ruwa, ga zafin Jidda da danshinta, wallahi a rana ta biyu in ka shiga banɗakin sai kaji wani tsami yana tashi.

Mai gyara na farko lambarsa a jikin sitikar nan da ake liƙawa a ƙofar imara, wato ginin benen da muke zaune, muka samu. Bazan faɗi ko ɗan wace ƙasa bane dan ba ƙasarsa ce tayi min laifi ba. Yazo da wuri kam, amma ko durƙusawa bai yi ba, ya tsaya yana danna maɓallai kamar minti biyar, ya leƙa baya da fitilar waya, sai yace wa maigida katin ne ya ƙone, wato ƙwaƙwalwar injin, riyal 650 in za'a canza, kuma sai ya ɗauke ta zuwa warsha, wato wajen gyaransu, kwana uku ko huɗu. Maigida yace zamu yi shawara, ya karɓi 50 kuɗin zuwa ya tafi ya bar mu da ruwanmu a ciki yadda ya same shi. Abinda yafi min ciwo kenan, ko ruwan ai sai ka fitar wa mutum ya ceci kayansa. A daren har mun fara maganar ko muje Haraj Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, mu duba wata ta hannu, tunda in ka ɗora 650 akan tsohuwar gassala gara ka ƙara ka sayi wata.

Maƙwabciyata 'yar Damagaram ce ta hana mu. Tace kar ku kuskura, akwai wani dattijo Bahaushen Sudan da yake da shago a layin masu gyaran mukayyif, wato AC, da firji ta wajen Hindawiyya, shi yake mata gyara shekara da shekaru. Shagon ɗan ƙarami ne, allon jikinsa ma gyaran gassala da mukayyif kawai aka rubuta da Larabci, a ƙofar an jera tsofaffin injina har kan hanya, ciki kuma kwalaye ne na tarumba, wato famfon fitar da ruwa, da bel da tiyo an rubuta wa kowanne lamba da alƙalami. Maigida yaje bayan la'asar, dattijon bai ce komai akan kuɗi ba sai tambayoyi, tana ƙara ko shiru take, me aka wanke a ƙarshe, an taɓa buɗe filta. Maigida yace wace filta. Nima da ya dawo ya tambayeni nace ban san da ita ba, shekara huɗu ina ganin 'yar ƙofar nan a ƙasa ta hannun dama ban taɓa tunanin ta buɗewa bace.

Bayan isha'i yazo shi da yaronsa. Mutum ne mai natsuwa, fari fat a gemunsa, Hausarsa tsaf amma da kalmomin Larabci irin su kwayyis da tamam a tsakani, da maigida ya tambaye shi asali yace shi ɗan Mai Wurno ne a jihar Sinnar, garin nan da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, kakanninsa da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji suka yada zango a can. Ya daɗe a Jidda yana wannan sana'ar, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 nauyin 'yan uwa da yawa ya dawo kansa, Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Maganar farko da ya min itace Hajiya a cire wuta tukuna, ba kashewa da maɓalli ba, a zare filogi daga soket gaba ɗaya, dan ruwa da wuta basa haɗa hanya. Ya tambaya ko da ruwan zafi nayi wankin, nace ai ya kwana biyu, yace toh ba matsala, amma in yanzu ta tsaya a wankin zafi sai an jira ya huce dan ruwan digiri 60 ko 90 yana ƙona hannu. Sai yace in kawo tire mai faɗi marar zurfi da tsummoki da bokiti. Ya sa bakin sikundireba ya ɓalle 'yar ƙofar, a ciki akwai wani babban murfi zagayayye da wani siririn tiyo baƙi mai toshi a bakinsa, ya jawo siririn ya cire toshin ya saka a tire, ruwa ya fara zuba a hankali, in tiren ya cika ya toshe da yatsa yaron ya juye a bokiti. Sun ɗau kusan minti ashirin a haka, bai gaji ba bai yi tsaki ba, yace in kika yi gaggawa kika murɗe babban murfin ruwa na ciki to duk abinda ke cikin tukunyar a ƙasan ɗakinki zai ƙare, in bene ne har na ƙasa sai sun ji a jikinsu.

Da ruwan ya tsaya ya mayar da filogi na ɗan lokaci, mukaji ƙas, ƙofa ta buɗe da kanta. Ashe ba lalacewa makullin yayi ba, haka aka yi su, muddin na'urar da ke auna ruwa tana gaya mata akwai ruwa a ciki bazata buɗe ƙofa ba kuma bazata matsa kaya ba. Yace mata da yawa anan suke ɓarna, su sa ƙarfi su ja hannun ƙofar ya karye, gyaran riyal kaɗan ya koma biyu.

Ya sake zare wuta, sannan ya murɗa babban murfin ta hagu ya zaro. 'Yan uwa abinda ya fito ni kaina saida na ja baya. Dunƙulen zaren harami ya kai girman ƙwan kaza, ya cakuɗe da gashi yayi baƙi ƙirin yana wari, a cikinsa akwai fil ɗin hijabi guda uku, ƙwallon dabino biyu wanda nasan daga aljihun ƙaramin ɗana suka fito dan duk azumin nan da dabino yake yawo, robar ɗaure kitso, da wani maɓallin jallabiya. Ya haska tocila cikin ramin ya kira ni yace Hajiya zo ki gani da idonki, na durƙusa, can ciki akwai 'yar ƙaramar farfela, ga kwandalar riyal ɗaya ta maƙale a tsaye tsakanin fukafukanta. Tun da aka fito da riyal na ƙarfe a 2016 yace aikin tarumba ya ƙaru musu, da takarda ce sai dai ta jiƙe, yanzu kuwa yaro ya dawo daga bagala, wato kantin unguwa, da canji a aljihu shikenan. Da filaya ya zaro ta.

Anan ne ya koya min abinda nake ganin yafi kuɗin gyaran amfani. Tarumba itace famfon da yake tura ruwan waje, kuma kunnenki kaɗai zai gaya miki rabin matsalar. In lokacin zubar da ruwa yayi kinji tana gunji amma ruwa baya fita, wuta na isa gare ta, wani abu ne ya tare ta ko ya toshe hanya, kenan katin yana aikinsa tunda shi ya aika mata wutar. In kuwa shiru kike ji ɗif, sannan ake zargin tarumbar ta ƙone ko waya ta tsinke, kati shine na ƙarshe da ake dubawa. Nace Baba ai tawa gunji take tun ranar farko, yace shiyasa tun a shago na gaya wa Alhaji da wuya ace kati ne. Bai zagi na farkon ba, ko kalma ɗaya, kawai yace ƙila sauri yake. Ya sa ni na juya farfelar da yatsa, naji tana tafiya tana ɗan tsalle kamar ana riƙe ta ana saki, yace haka lafiyayya take saboda maganaɗisun da ke ciki, in kika ji tana juyawa salalaf ba tirjiya ko tana lilo gefe da gefe toh ta saki.

Tawa dai bata fita lafiya ƙalau ba, kwandalar ta fasa fiffike ɗaya. Ya wanke filtar da tsohon buroshin haƙori, ya goge robar bakinta ya mayar ya ɗaure sosai, yace in bata zauna daidai ba zata riƙa ɗiga. Aka kunna, ta ja ruwa ta zubar, amma da wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya kwantar da ita ya auna tarumbar da mita a gaban maigida yace wayar cikinta lafiya, farfelar ce kawai, zata iya kai ku wata ɗaya ko shida, Allah kaɗai ya sani, in kuna so ku barta haka ku bani kuɗin zuwana, in kuna so a canza akwai asli, wato na kamfani, akwai tijari, wato kwaikwayo, tijarin rabin kuɗi ne amma shi bazai ba da damani, wato garanti, akansa ba sama da wata ɗaya. Gaskiya wannan magana ita ta sa na yarda da shi, ya bar mana zaɓi bai tsorata mu ba. Muka ce a sa asli.

Wani abu da ya faɗa wanda ya kamata masu aika kaya gida ta kago su ji. Wutar Saudiyya hatiz 60 ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50 ce, kuma ita tarumba saurin juyawarta da wannan yake tafiya, dan haka kafin ya ɗaura sabuwa saida ya nuna mana rubutun jikinta 60 ne. Yace ana shigo da masu 50 daga wasu ƙasashe ana sayarwa da araha, wanda bai sani ba sai ya ɗaura tayi ta zafi. Haka in zaki sayi gassala anan ki aika Kano ko Maraɗi ki duba takardar da ke liƙe a bayanta, in an rubuta 50/60 toh ko'ina zata yi, in 60 ce kaɗai ki sake tunani.

Bai tsaya a nan ba, ya sa yaron ya jawo ta daga bango suka duba babban tiyon baya. Ashe lokacin da muka tare mai gadin imara ne ya haɗa mana, tiyon ya lanƙwashe a bayan injin kamar gwiwar hannu saboda an matse ta da bango, kuma an cusa shi can cikin bututun magudana an naɗe bakin da salatif ba inda iska zata shiga. Yace bakin tiyon ana so ya kasance tsakanin santimita 60 zuwa mita ɗaya daga ƙasa, in yayi sama da yawa tarumba zata wahala wajen tura ruwa, in yayi ƙasa da yawa ruwan zai riƙa zurarewa da kansa tana ja tana zubarwa, kuma kar a cusa shi fiye da tsawon tafin hannu. Ya cire ya kai banɗaki ya sa masa ruwa da ƙarfi, wani yauƙi mai toka toka ya fita. Ya zuba bokitin ruwa a bututun bangon ma dan ya tabbatar ba shi ne a toshe ba, dan wani lokacin gassalar lafiyarta ƙalau magudanar gidan ce ta cika, wannan kuma aikin mai famfo ne ba nasa ba.

Sai maganar sabulu, nan ma ya kama ni. Ya ga kwalin omon da nake amfani da shi yace wannan na gassala mai tukunya biyu ne da wankin hannu, mai buɗewa ta gaba sai wanda aka rubuta otomatik, shi baya kumfa sosai. Ni a tunanina in ba kumfa wanki bai fita ba, har ƙarawa nake, ashe kumfar in tayi yawa tarumba iska take kaɗawa maimakon ruwa, na'urar auna ruwan ma ta rikice, sai injin ya tsaya yana jiran ta kwanta. Su kuma masu tukunya biyun da yawancin gidajenmu ke da su, yace yawancinsu basu da tarumba sam, ruwa gangarowa yake da kansa, dan haka in taƙi zubarwa ki fara duba ko tiyon a kwance yake a ƙasa, sannan robar da ke buɗe hanyar ruwa da igiyar da ke jan ta daga maɓalli, sau da yawa igiyar ce ta tsinke ko tsabar kuɗi ta zauna a bakin robar.

Haruffan da ke ƙiftawa ma ashe magana suke, kowane kamfani da nasa, LG tana nuna OE, Samsung 5C ko 5E, Bosch E18, duk ma'anarsu ɗaya ruwa bai fita akan lokaci ba, kuma yana cikin littafin da ake bamu da injin wanda yawancinmu muke jefawa saman kabad.

Yanzu inda bai kyauta min ba. Alƙawarin lokaci kam sai haƙuri, yace gobe bayan magariba zai kawo sabuwar tarumba, muka zauna jira maigida ya fasa fita, bai zo ba sai jibi, kuma waya in ka kira sau biyar da ƙyar ya ɗauka ɗaya, WhatsApp kuwa sai ya kwana bai buɗe ba. Da yazo ya ba da haƙuri yace inda yake saro kaya ne babu sai da ya je wani wajen, na yarda, amma ai da kira ɗaya ya wadatar. Na biyu yaron nasa bai iya tsafta ba, ya bar min sawun takalmi da baƙin ruwa har falo. Na uku fatura, wato rasit, saida maigida ya nema sannan ya rubuta, dan Allah in kun je ku nema, ita ce shaidar damanin wata uku da ya bayar akan tarumbar.

Kuɗi kuma gaba ɗaya riyal 170 muka biya, 120 tarumba 50 aikin hannu, zuwa biyu amma na ɗaya ya caja, tsohuwar tarumbar ma ya miƙo mana a leda yace kayanku ne. Ku haɗa da 650 da kwana huɗu a warsha akan katin da ba abinda ya same shi. In za'a tambayeni maki zan bashi tara cikin goma, ɗayan na cire ne saboda jiran da ya sa mu.

Wacce gassalarta sabuwa ce kuma kar ta kira kowa daga waje tukuna, a ƙasar nan kayan lantarki damanin shekara biyu ne a ƙalla bisa dokar ma'aikatar kasuwanci, ki nemi faturar saye ki kira wakilin kamfanin, in an ƙi sauraronki akwai lambar ƙorafi 1900. Shi kansa Baba saida ya tambayi shekarunta kafin ya kwance ƙusa ɗaya, yace in tana cikin damani bazai taɓa cikinta ba dan kar ya ɓata mana. Buɗe filta dai ba ruwansa da damani, littafin ma ya ce ki riƙa yi.

Yau sati biyar kenan tana aiki shiru, haraman na sake wanke su sau biyu su kaɗai na shanya a rana warin ya fita, an riga an kai wa masu su. Na sayi 'yar jakar raga da nake zuba safar yara da hijabai a ciki, aljihu kuwa sai na juye shi kafin komai ya shiga. Juma'ar da ta wuce na buɗe filtar da kaina karo na farko, tire da tsumma yadda ya nuna min, minti goma na gama, na samu fil ɗaya da rabin riyal. Wacce ke son zuwa wajensa shawarata ta tura maigida ko yaro shagon da ƙafa bayan la'asar, lokacin yana nan zaune, a ɗauki hoton haruffan da take nunawa da takardar da ke bayanta a tafi masa da su dan ya taho da kayan da suka dace tun zuwan farko.